Yadda Baffa Heikichi Ya Fitar da Kakanni Daga Gida

Da na dawo ƙauyenmu Okuhata, bayan shekarun da na yi ina karatun aikin gona a ƙasar waje, abin da na fara gani a gidanmu shi ne akwatin kakanni. Ya cinye rabin ɗakin baƙi, ƙofofinsa a buɗe, ga allunan sunayen matattunmu a jere, ga ɗan kwanon shinkafa yana tururi a gabansu. Na san akwatin tun ina ƙarami, amma a babban gida na san shi, gidan Baffa Heikichi, wan mahaifina. Namu gidan reshe ne kawai. Na tambayi mahaifiyata yadda aka yi, ta ce in fara cin abinci tukuna. Abin da zan faɗa a nan na tsinto shi ne a hankali, daga bakin Baba, da Baffa kansa, da matarsa Inna Tatsu, wadda ba ta taɓa bukatar a tambaye ta sau biyu ba.

Baffa Heikichi shi ne ɗan fari a gidan Nagasako, saboda haka tun yana goye aka san gida nasa ne, da gonakin shinkafa da ke hawa-hawa a jikin tudu, da akwatin. Da damina yana cikin laka, da hunturu yana daji yana ƙona gawayi. An aurar masa da Tatsu daga ƙauyen da ke bayan dutse, suka haifi 'ya mace ɗaya, wadda daga baya ta yi aure a bakin teku. Sai aka ɗauke shi yaƙi. Da yaƙin ya ƙare bai dawo da wuri ba, don an kama su fursunoni an tafi da su wani sansani a Siberiya mai ƙanƙara suna saran itace. Ya dawo da yatsun ƙafa uku kacal a ƙafar hagu, da ɗabi'ar cin abinci yana kare kwano da hannu. Bai yi wa kowa bayani ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Ya koma gonarsa.

A cikin shekarun nan ne Malam Rustad ya zo. Ɗan mishan ne daga ƙasar Norway, ya taɓa zama a Sin, ya kama hayar tsohon shagon mai awara a garin da ke gindin dutse ya mai da shi majami'a. Dogo ne ƙwarai, har goshinsa ya san kowace ƙofa a yankinmu. Yakan hawo ƙauyuka da keke, ko in ce yakan turo keke, da hotuna na takarda da yake nuna wa yara labarin Yesu. Manya suna karɓarsa da ladabi. A ba shi shayi, a ba shi busassun 'ya'yan itace, a ce maganarsa akwai kyau, a raka shi har bakin gada, ranar Lahadi kuma ba mai zuwa. Shekara da shekaru mutanensa ba su wuce wata gwauruwa mai ɗinki ba, da ma'aikaciyar gidan waya, da wani saurayi mai ciwon tari.

Gawayi ne ya haɗa su. Baffa ke kai wa majami'ar gawayi, kuma in ya sauke kaya yakan zauna ya huta kafin ya hau. Wata rana yana ɗaure igiyarsa, bai ko ɗago kai ba, ya ce:

"Malam, mutumin da ya mutu a ƙasar da ba tasa ba, aka tura shi rami aka rufe da ƙanƙara, ba allo, ba mai sa masa shinkafa. Yana ina?"

Malam Rustad ya ce, "Ban san inda yake ba. Amma Allah da ya yi shi ya san sunansa. Ba sai an rubuta masa a allo ba."

"Ko da ni na manta sunan?"

"Ko da kai ka manta."

Baffa ya gaya mini akwai wani mutumin arewa da suke kwana gefe da gefe a sansanin, wanda ya mutu da hunturu na biyu, shi kuma ya gaji takalmansa. Ya yi ta ƙoƙarin tuna sunan mutumin har ya gaji. A wurinmu mamacin da ba mai kula da shi yawo yake da yunwa. Ya ce tun daga ranar nan ya daina jin mutumin yana bin sa a hanyar daji. Lahadin da ta biyo ya sa wankakkiyar riga ya sauka gari.

Inna Tatsu ba ta hana shi ba, amma ba ta bar shi ya huta ba.

"Maigida, ka sayar wa mutum gawayi, sannan ka taka har gari ka ji ɗuminsa. Da ka bar shi a gida ai da mun ji tare."

"Ana waƙa a can."

"Kai da waƙa? Saniyarmu ta fi ka murya. Ka gaida mini gwauruwar."

Haka ya yi ta sauka duk Lahadi, in ba lokacin dashe ko girbi ba. Bai daina aikin gayyar gyaran magudanar ruwa ba, bai daina ɗaukar gawa in an yi rasuwa a unguwa ba, don haka ƙauye ya ɗauki abin kamar yadda ake ɗaukar mutumin da ya koyi kamun kifi da tsufa. Sai da ya nemi a yi masa baftisma.

A lokacin wasu 'yan mishan suna sa mutane su ƙone akwatinsu kafin a tsoma su. Malam Rustad bai yarda da haka ba, yana ganin cin fuska ne, kuma yana ganin ya samo hanya mai sauƙi. Ya ce wa Baffa:

"Ba zan ce ka ƙone komai ba. Iyayenka ne. Amma ba za ka zama na Yesu ba kana miƙa wa matattu abinci kowace safiya. Ƙaninka ba Kirista ba ne, ko? Ka ba shi akwatin ya riƙe a gidansa. Ka ga ba wanda ya yi asara."

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Malam."

Malam Rustad ya ɗauka kayan ɗaki ne za a gusar daga wannan gida zuwa wancan. Amma kakanni ne suka sassaƙe tudun nan suka yi gonakin, kuma shinkafar da ake sa musu daga gonarsu take fitowa. Inda akwatin yake, nan ne babban gida, kuma gona tana bin sa. Bayan yaƙi doka ta canza, ta ce 'ya'ya su raba gado, amma a Okuhata ba wanda ya taɓa raba matattu da gonarsu don takardar gwamnati. Na tambayi Baffa me ya hana shi yi wa Malam bayani. Ya ce bai zaci akwai babban mutum mai karatu da bai san wannan ba. Ya ɗauka abin da ake biya ke nan, kuma ba a ciniki da malami.

Bayan girbi ya sa baƙar rigarsa mai tambarin gida, ya zo gidanmu da hantsi, ya durƙusa a bakin tabarma kamar baƙo. Mahaifina Rinzo yana gyaran zarto, don shi aikin daji yake yi, gonarsa 'yar tafin hannu ce.

"Yaya, wa ya mutu?"

"Ba kowa. Na zo roƙo ne. Ka karɓi akwatin iyayenmu."

Mahaifina ya ajiye zarton. "Ka sha wani abu ne?"

"Na daina sha, ka sani."

"Shi ne matsalar. Yaya, ka san abin da ke bin akwatin nan?"

"Ni na yi ta nome shi, yaya ba zan sani ba."

"Mutane za su ce na yi maka wayo."

"Za su ce na haukace. Ni za su zaga."

"Duka biyun za su faɗa. Bakinsu ba ya gajiya."

Mahaifina ya ƙi, ya sake ƙi. Amma Baffa ya ce shi dai ba zai ƙara kunna turare a gaban akwatin ba, ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Mahaifina ya ce da ya ji haka sai ya hango uwarsu, wadda allonta ne sabo a ciki, zaune a gidan da maigidan ya juya mata baya. A nan ya amsa.

Malamin haikalin ƙauyenmu, mai yi wa matattu addu'a, ya zo ya yi karatu ya rufe akwatin, yadda ake yi kafin a motsa shi. Ba a kwantar da akwatin kakanni, don haka Baffa ya goya shi a tsaye a kan itacen da yake ɗaukar gawayi, ya gangaro da shi yana ɗingishi, mutane suna leƙe ta bayan shinge. Inna Tatsu ta biyo shi da ɗan kwanon shinkafar a hannu. Ta miƙa wa mahaifiyata a bakin ƙofa, ta ce tsohuwa, wato marigayiya uwar mijinta, ba ta son shinkafa mai ruwa, ta juya. Da hunturun nan aka yi wa Baffa baftisma a tsohon shagon mai awara. Malam Rustad ya yi murna ƙwarai, domin shi ne manomi na farko, maigida, da ya shiga hannunsa.

Malam bai gane abin da ya jawo ba sai lokacin dashe. A ƙauyenmu gida-gida ake yi wa dashe, kowa ya taya kowa, kuma in an zauna cin abincin rana a bakin gona, mai gonar ne ke zama a sama ya zuba wa mutane giyar shinkafa. Malam Rustad ya turo kekensa ya tarar ana dashen gonakin Nagasako. Ya ga Rinzo a sama da tulu. Ya ga Baffa a can ƙarshen layi tare da masu taya aiki. Ya nufi Inna Tatsu, wadda ke raba dunƙulen shinkafa, ya tambaye ta ko Heikichi ba ya jin daɗi ne.

"Lafiyarsa ƙalau, Malam. Ɗan taya ne, a nan 'yan taya ke zama. Ungo, ci. Shinkafar ƙaninsa ce, akwai daɗi. Da tamu ce."

"Ban gane ba."

"Ai na ga alama."

Ta yi masa bayani a tsaye, a gaban kowa, ba ta rage murya ba. Ta ce rumbun babban gida na bara ne kawai a ciki, in ya ƙare sai abin da gawayi ya kawo, gawayin da mutanen gari suka fara gudu saboda risho. Waɗanda suka ga abin sun ce Malam ya tsaya da dunƙulen shinkafa a hannu har aka koma cikin laka.

Da aka gama dashe ya nemi a zauna. Aka zauna a gidanmu, a gaban akwatin, tun da ba wani ɗakin da zai ɗauki mutane: Baba, Baffa, Inna Tatsu, malamin haikali, da shi. Ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar, ya kai goshi har tabarma, ya ce laifinsa ne, ya yi magana a kan abin da bai sani ba. Sannan ya roƙi Baba ya riƙe akwatin ya mayar da gonakin.

Baba ya ce, "Malam, ni ban nema ba. Amma in na mayar, da shinkafar wa zan ciyar da su? In saya a kanti in sa wa mutanen da suka fasa dutsen nan da hannu?"

Malam Rustad ya yi tunani. Ya ce to a mayar da akwatin babban gida, da gonakin duka. Heikichi ba sai ya taɓa shi ba. Matarsa ba Kirista ba ce, ita ta riƙa sa shinkafar da turaren.

Inna Tatsu ta yi wata 'yar dariya.

"Ni in riƙa sawa? Malam, da wa kake tsammani ke sawa? Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ni ke tashi in dafa, in zuba, in canza ruwa, in share toka. Wannan mutumin ko inda ake ajiye kwanon bai sani ba. Turare kawai yake kunnawa ranar biki, ya buga 'yar ƙararrawa, shi ke nan aikin maigida. Da ka tako ka tambaye ni, da na gaya maka tun kafin a sha wahalar goyo."

"Ban yi tunanin tambayarki ba."

"Ba kai kaɗai ba ne. Shi ma bai tambaye ni ba."

Baffa yana kallon tabarma. Malam Rustad ya juya wurin malamin haikali, wani tsoho mai son shan taba. Ya tambaye shi ko za a iya mayarwa.

Tsohon ya ce, "Matattu ba awaki ba ne da za a kora su can da safe a koro su nan da yamma. Na rufe, na buɗe, na gaya musu ga gidansu yanzu. In koma in ce musu baƙo ya yi kuskure? Ba a yi. Akwatin da ya fita ya fita."

Sai Baffa ya ɗago. "Malam, in abin nan kuskure ne, baftismar ma kuskure ce?"

"A'a. Ita tana nan daram."

"To ni abin da na je nema ke nan."

"Kai ka samu," in ji Inna Tatsu. "Ni me zan dafa?"

Malamin haikalin ne ya samo musu mafita. Ya ce shi bai san Kirista ba, amma ya san mutumin da ya miƙa akwati da ransa: ya yi murabus ke nan, kamar yadda tsofaffi ke yi in sun miƙa gida ga magaji. Mai murabus kuwa yana da gonarsa, wadda za ta ciyar da baki biyu, yana nomawa har ya mutu, sannan ta koma babban gida. Baffa bai kai hamsin ba a lokacin, amma ba wanda ya taɓa yanke shekarun murabus.

Baba ya yi wuf ya ce a ba shi babbar gonar bakin rafi. Baffa ya ƙi. Ya ce gonar murabus a gidan Nagasako ita ce ta can ƙarshen tudu, wadda kakansu ya noma, kuma in aka ba shi ta bakin rafi ƙauye zai ce wasan kwaikwayo suka shirya. Ta ƙarshen tudun ita ce ruwan dutse ke fara shiga da sanyinsa, shinkafa ba ta son haka, rabin layin farko ba ya ko yin ido.

"Baki biyu na tsofaffi masu shan kunu ake nufi," in ji Inna Tatsu. "Mu da haƙoranmu. Rinzo, ka dube ni da kyau, na yi kama da wadda ta yi murabus?"

"A'a, Yaya."

"To ka ƙara ta ƙasanta."

Aka ƙara ta ƙasanta. Baffa ya buɗe baki zai yi magana, ta dube shi, ya rufe.

Haka na same su da na dawo. Suna zaune su biyu a ƙaton gida, sun rufe yawancin ɗakunan. A wurin taron ƙauye Baffa yana zama tare da tsofaffi masu sanda, ba shi da ƙuri'a a maganar ruwa, yara kuma suna kiransa Kaka tun gashinsa bai yi fari ba. Gonakin biyu suna kai su kusan ƙarshen shekara in an haɗa da dankali. Da gawayi ya mutu gaba ɗaya sai ya koma aikin gyaran hanya da rani. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ban kuma taɓa jin ya yi wa kowa wa'azi ba. Na taɓa tambayarsa ko da ya san Malam bai sani ba, da ya yi yadda ya yi. Ya daɗe yana tunani, don shi ba ya amsa tambaya don a rabu da shi. Ya ce mai yiwuwa da ya bar Tatsu da akwatin, da gonakin suna hannunsa. Ya ce amma da kowace safiya yana jin ƙarar kwanon daga ɗaya ɗakin yana tambayar kansa ko ya shiga sabon addinin ko bai shiga ba. Ya ce bai san wanne ya fi ba.

Malam Rustad ya ƙara shekaru a yankinmu kafin ya koma ƙasarsu. Bai sake samun manomi maigida ba. Mutane sun ce bayan wannan, in wani ya zo masa da maganar baftisma, sai ya hau ƙauyen mutumin ya zauna da matarsa da ƙannensa ya yi ta tambaya har a gaji da shi. Duk kaka yana zuwa taya Baffa girbi. Bai iya riƙe lauje ba, Inna Tatsu takan sa shi ɗaukar dami, tana cewa tsawon nan dai ya yi amfani ko sau ɗaya. Ita ba ta taɓa taka majami'ar ba sai ranar jana'izar mijinta, wadda wani fasto ɗan ƙasarmu ya yi.

Baffa ya rasu da kaka, bayan an shigar da shinkafa. Da bazara ta zo gonakin biyu suka koma babban gida, yadda aka yi alkawari a gaban malamin haikali. Inna Tatsu da kanta ta zo ta gaya wa Baba ya je ya buɗe ruwa, kada ya tsaya jin kunya har lokaci ya wuce. Baba ya nome su, kuma duk abin da suka bayar yakan sa a kai mata, har ita ma ta rasu. Takan buɗe buhun a bakin ƙofa ta damƙi shinkafar ta duba, ta ce Rinzo bai iya gonar sanyi ba.